Ɗorawar da Ba Ta Cikin Ciniki

Ranar da muka kai Yaya makwancinsa a Anka ban yi kuka a maƙabarta ba. Sai da muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na ga irin mutanen da ke saukowa daga motocin kasuwa, sannan idona ya cika. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Duk wanda ya zo ya faɗi haka, amma bayan an shafa fatiha kowa yana da abin da zai ƙara.

Yaya ɗan baffana ne. Ya girme ni, gida ɗaya muka tashi, Inna ɗaya ta yi mana wanka. Shi ne lauya na farko da yawancin mutanen yankinmu suka gani da idonsu.

Wani dattijon Bafillace daga ƙasar Bukkuyum ya jingine sandarsa ya ce, "Wanga mutum ya bi burtali da ƙafa tare da ni, rana tsaka. Har ya tambaye ni inda shanu ka shan ruwa in gulbi ya ƙafe. Nic ce, Lauya, kai ma za ka sha ne?"

Aka yi dariya, ko da yake zaman makoki ne. Wani tela ya karɓe: "Ni shago za ni haya. Ya tambaye ni matan mai shagon, ya tambayi ɗiyansa, ya tambayi wa ad da ƙofar baya. Ko wa nif faɗi sai ya ce, sai wa kuma? Nic ce, Lauya, haya niz zo yi, ba neman aure ba. Amma da mai shagon ya rasu magada sunka taso, ni kaɗai ba a tayar ba a layinmu."

Can gefe kuma ƙanen matar Yaya, wanda ke aikin gwamnati a Sakkwato, ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Allah Ya jiƙansa. Amma da ya zauna a Kaduna da ya zama babban alƙali. Ya zo ya ƙare rayuwarsa a kan gonaki da shaguna."

Ban amsa masa ba, don ba wurin gardama ba ne. Amsar ce nake rubutawa yanzu, kuma ba zan ajiye alƙalami ba sai na kai ƙarshenta. Sunan Yaya bai taɓa fita a rediyo ba. In mu da muka san shi muka yi shiru, shi ke nan.

Ni fatauci na yi. Goro da fata sun kai ni Kumasi da Yamai da Injamena, hanyar hajji ta zaunar da ni a Sudan da Jidda. Na zauna gaban masu rubuta yarjejeniya da Turanci da Faransanci da Larabci, kuma ko'ina kukan mutane ɗaya ne: ka shiga da ƙaramar magana, sayen fili ko hayar rumfa ko rabon gado, a ce maka an gama, bayan an kwana biyu ta dawo da ƙahoni. Mutane sukan ce lauyoyi ne ke dagula ta da gangan. Akwai masu yin haka, na gan su. Amma Yaya yana da nasa bayanin. Yakan ce, "Mutane ba ƙarya suke mini ba. Abin da kowa ya sani a garinsu shi ne ba su faɗa mini, don ba su ga abin faɗi a cikinsa ba. Ni kuwa shi nake bukata."

Ba a makaranta ya koyi wannan ba. Wata ɗorawa ce ta koya masa, kuma ina wurin.

Yaya ya fara da aikin malamin kotu. Sai da furfura ta soma fito masa ya yi karatun lauya, ya yi aikin gwamnati a Kaduna, ya ajiye, ya buɗe ofis a Gusau. Ran Juma'a yakan zo Anka ya kwana biyu. Lokacin soja ba su daɗe da fitar da sabuwar dokar ƙasa ba, kowa yana neman takarda a kan abin da ya mallaka.

Akwai wata ungozoma a asibitin Anka, kowa Sista yake ce mata. Kirista ce daga ƙasar Filato, ta zo da ƙuruciyarta, mijinta ya rasu a nan. Da wuya ka shiga unguwa ba ka sami yaran da ta karɓi haihuwarsu ba. Lokacin ajiye aikinta ya zo, an ce ta bar gidan gwamnati kafin damina don wadda za ta gaje ta na tafe. 'Ya'yanta a Anka aka haife su, Hausar Zamfara ce a bakinsu, ba su san wani gari ba. Ta ce ita ma ba ta da inda za ta koma. Sai ta sayi fili a bakin gari wurin wani malamin firamare da ya gada daga ubansa.

Su biyu suka sami Yaya a Gusau. Ya tambayi malamin ko filin nasa ne, ya ce gado ne. Ya tambaya ko 'yan'uwansa sun yarda, ya ce sun yarda. Yaya ya rubuta kamar yadda ya saba rubutawa a Kaduna, cewa an sayar da fili da duk abin da ke kansa. Ya karanta musu, suka sa hannu. Bai je ya ga wurin ba. Me za a gani a fili?

Sista ta sa aka haƙa rijiya, aka buga tubali. Da bazara ta shigo magina suka ja igiya, sai ga wata babbar ɗorawa daidai inda ɗakin baƙi zai zauna. Aka aika a kawo gatari. A safiyar nan wata tsohuwa ta sauka daga motar Gummi da buhuna da doguwar gora mai ƙugiya. Ta wuce maginan kamar ba ta gan su ba, ta shimfiɗa tabarma a gindin itacen, ta zauna. Sannan ta ɗaga kai ta dubi mai gatarin.

"Wa ya aiko ka?"

Ban daɗe da dawowa daga Kumasi ba, muna zaure ni da Yaya, sai ga Sista da takardar a hannu, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Lauya, ka ce mini an gama."

Aka kira malamin firamaren. Ya zo yana goge alli a hannunsa, da ya ji maganar sai ya yi mamakin mamakinmu.

"Ai ɗorawar ta Goggo ce. Kowa ya sani."

"Me ya hana ka faɗa mini?" in ji Yaya.

"Ba ka tambaye ni icce ba, Lauya. Fili kat tambaya."

"Na karanta maka, da duk abin da ke kansa."

"Na ɗauka ciyawa da duwatsu kake nufi. Wa ka saida iccen da ba nashi ba?"

Tsohuwar nan yayar uban malamin ce. Ranar da za a kai ta aure Gummi ubanta ya ba ta wannan ɗorawa, don ta sami kalwar daddawa, kuma ta sami dalilin zuwa gida kowace shekara. Ƙasar ta bi ɗan'uwanta, daga shi ta bi ɗansa. Itacen bai bi kowa ba, yana nan nata.

Na ce wa Yaya ba mu kaɗai muke da wannan ba. A ƙasar Asante ƙasa ta sarauta ce, itacen koko na wanda ya dasa. A arewacin Sudan na ga dabino ɗaya da masu shi da yawa, ranar yanka su taru a gindinsa a raba. Ya daɗe yana tauna goro kafin ya ce, "To ni ɗan Anka na je na koyo dokar mutanen da itacensu ke bin ƙasarsu, na manta ta ƙofar gidanmu. A ƙarƙashin irin ɗorawar nan fa muka yi wasa ni da kai."

Goggo ta kaɗe 'ya'yan itacenta, ta biya wurin maigari ta kai kuka, aka tsayar da gini, ta koma Gummi. Hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma. Tubalin Sista na ƙasa ne, yana jibge a fili, ruwa mai ƙarfi in ya same shi ya koma laka.

Ana iya zuwa kotu. Amma shari'ar ƙasa ba ta ƙarewa a damina ɗaya, kuma ko Sista ta ci, ta zama baƙuwar da ta sare itacen tsohuwa. Matan da ta yi wa hidima su ne za su fara juya mata baya. Yaya ya ce Gummi za shi. Motarsa na wurin gyara, ni na kai shi a tawa, kuma a hanya muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba.

Na ce, "A warware cinikin kawai, ta nemi wani fili."

"Da rijiyar a kanta za ta tafi? Ina wani fili kusa da gari mai ruwa?"

"Kana da babbar shari'a a Sakkwato, ka bar ta kana bin tsohuwa mai daddawa. A Yamai mai rubuta takarda in ya buga hatimi ya gama, ko sama za ta faɗo."

"Kai ɗan kasuwa ne," in ji shi. "In goro ya ruɓe ka zubar ka sayo wani. Ni hannuna ne a takardar nan. Matar nan ta yarda da ni ta zuba abin da ta tara. Sai ta shiga gidan nan, kuma sai ta zauna cikinsa lafiya."

Na ce taurin kansa tun na yarinta ne. Ya ce ni kuma tun ina yaro in wasa ya yi zafi nake tuna Inna na kirana. A haka muka isa Gummi.

Goggo ta karɓe mu da fura, ta tambayi mutanen Anka gida gida, har waɗanda suka daɗe da mutuwa. Da Yaya ya kawo maganar saye ta ce, "Ba ni saishe shi." Muka dawo. Ya sake komawa da tayin wata ɗorawa a gonar gidanmu wadda ta fi tata 'ya'ya. Ta ce, "Ubanka ya ba ni ko ubana?" Muka dawo. Sista da kanta ta ce a bar itacen a tsakar gidanta, a janye ɗakin, tsohuwa ta zo duk lokacin da ta so, har abinci za ta ba ta. Kowa ya ce magana ta ƙare. Goggo ta ji, ta kawar da kai ta ce, "A'a." Ba ta ba da dalili ba.

Malamin firamare ya ce rikicin tsufa ne. Maigari ya ce a bar ta ta huce. Yaya ya ce, "Ba rikici ba ne. Akwai abin da ban tambaya ba."

Zuwan da ya biyo baya bai ɗauki jaka ba. Muka same ta tana dafa kalwa, warin ya cika gidan, ni na ja baya, shi ya jawo turmi ya kifa ya zauna kusa da murhu. Bai ambaci fili ba. Ya tambaye ta yadda take gane ɗorawa ta nuna, da wadda ta koya mata daddawa, da motar da take shiga in za ta Anka.

"In kin sauka a tasha, gidan wa kike fara zuwa, Goggo?"

"Gidan wa? Icce nika zuwa."

"Kafin ki gaida kowa?"

"Kafin in gaida kowa. In shimfiɗa tabarmata, in miƙe ƙafa. Masu son ganina su iske ni can." Ta juya kalwar da muciya, sannan ta ci gaba. "Ɗan nan, gidan ubana ya rushe. 'Yan ɗakinmu duk sun tafi. Duk Anka wuri ɗaya ya rage da nika isa ba sallama. Yanzu ku ce in tsaya bakin ƙofar wata in ce salamu alaikum, in jira a ce in shigo, kafin in ga iccen ubana?"

Na ji harsuna da dama a rayuwata, amma ban san yadda za a sa wannan magana a takardar Turanci ba. Yaya ya ce mata, "Na ji, Goggo."

Da muka koma Anka ya sami Sista a barandar asibiti. Ya ce mata hanya ɗaya ce: katanga ta karkata ta bar ɗorawar a waje, da 'yar hanya daga titi zuwa gindinta. Ɗakin baƙi ya tafi ke nan, da wani yanki na tsakar gida.

"Takardarka ta ce nawa ne," in ji ta.

"Ta ce. Ni na rubuta miki abin da mai fili ba shi da ikon sayarwa. In kin zaɓi kotu zan tsaya miki, kuma zan gaya wa alƙali da bakina inda na yi kuskure. Amma ba zan ce miki za ki shiga gida bana ba."

"Na ce ta shigo duk sa'ad da ta so. Me kuma take nema?"

Ya gaya mata abin da tsohuwar ta ce. Sista ta yi wata irin dariya wadda ba ta daɗi ba.

"Sallama ce ba ta so? Ni tun da na zo garin nan sallama nake yi."

Ta daɗe tana kallon matan da ke layin awo. Sannan ta ce, "A karkata katangar. Amma Lauya, wannan karon ka tambayi kowa, har jakin unguwa."

Ya kuwa tambaya, kuma kowace tambaya ta tono wata. Ma'aikacin ƙasa na ƙaramar hukuma ya ce shi fili mai kusurwa huɗu ya sani, zanensa ba ya karɓar lanƙwasa. Yaya ya yi ta zarya ofishinsa har ya ɗauko shi ya kawo shi gindin itacen da abin awonsa. Malamin firamare ya yarda ya ƙara wa Sista wani yanki ta baya a madadin abin da ta rasa, sai Yaya ya ce, "Sai wa kuma?" Ashe yankin bayan na ƙanensa ne da ke noma a Bukkuyum. Muka sake ɗaukar hanya. Daga wannan aikin ne kalmar ta zauna a bakinsa, kuma daga shi bai ƙara rubuta takardar fili ko gona ba sai ya taka iyakarta da ƙafarsa, ya nuna kowane itace ya ji mai shi.

Ranar da aka karanta sabuwar yarjejeniya, a gindin ɗorawar aka karanta ta, da Hausa, gaban maigari. Yaya ya bi komai. Bayan ran Goggo itacen na wa? Ta ce na ɗiyarta. Reshen da ya haye rufin Sista wa zai datse? Aka ce sai an gaya wa mai itace, kuma bayan an kaɗe 'ya'ya. 'Ya'yan da suka faɗa cikin gida fa?

"Wadda taf faɗa gidanta, tata ta," in ji Goggo. "Ba ni bin abina cikin gidan mutane."

"To jemagun da ke kwana a kanta fa, Inna?" in ji Sista. "Su ma naki ne, ki riƙa tafiya da su Gummi."

"Ke da kika karɓi haihuwar 'yan Anka, jemage zai dame ki?"

Wannan ce maganar farko da ta shiga tsakaninsu.

Gini ya tashi a guje, amma ruwa ya riga shi. An sa kwano, ba a yi yaɓe ba, Sista ta kwaso kayanta ta shiga haka nan don wa'adinta ya cika. Ruwan farko mai iska ya ci bangon gabas, katangar da aka karkata ta fara zubewa ta ƙasa. Magini ya ce in aka ƙara irinsa sai a sake gini. Yaya ya zo ya tsaya yana kallon bangon, ni kuwa na san fuskarsa.

Ran kasuwa sai ga Goggo ta sauka daga motar Gummi, ba lokacin ɗorawa ba, da buhuna cike da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yi yaɓe da shi don ruwa ya kasa cin bango. Na itacen nan ne, wanda ta kwashe da bazara. Ta sa aka jera tukwane a gindin ɗorawar aka jiƙa, ta aika aka kira tsofaffin ƙawayenta da jikokinsu mata. Tana zaune a tabarma tana ba da umarni, tana zagin duk wadda hannunta ya yi sanyi, har aka shafe katangar da bangon gabas.

Da rana ta take Sista ta leƙo ta ƙofa.

"Inna, ki shigo mana ki sha ruwa."

"Ba ni shiga. Ke fito."

Sista ta koma ciki. Muka ɗauka ta ji haushi. Sai ga ta da kwanon ruwa a hannu ɗaya da kujera 'yar tsugunne a ɗaya. Da ta iso bakin tabarmar ta tsaya, ta ce, "Salamu alaikum."

Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta matsa gefe.

"Wa alaikumus salam. Zauna, nan ba a sallama."

Sista tana cikin gidan nan har yau, da jikokinta. Goggo ta riga Yaya tafiya, ɗiyarta ce ke zuwa da gora kowace bazara. Wanda ya bi ta bakin garin Anka zai ga katanga ta tafi sosai, ta lanƙwasa ta kewaye itace, ta koma kan hanyarta. Aikin Yaya ne.

Allah Ya yafe masa kurakuransa, na takarda da waɗanda ba na takarda ba. Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba shi gidan da ba mai tayar da shi.